Littafin adireshin da ke cikin memori da filash

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a sana'ata. Ni mai gyaran kwamfuta da waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma da wuya mako ya fita ban ga wanda ya shigo shagona da filash ko memori ko SSD (ma'ajiyar kwamfuta mai aiki irin na filash) hankali a tashe ba, wai komai ya ɓace.

Na baya-bayan nan wani dattijo ne mai ɗaukar hoto. Ya yi aikin biki na kwana uku da memori mai tambarin 128GB. Sunayen hotunan suna nan a jere ras, amma ba wanda ke buɗewa sai na ranar kamu. Ya dafa kantata hannunsa na rawa, ya ce, "Ɗana, me zan je in gaya wa uwar amarya?" Na ce, "Baba, zauna tukuna mu gani." Da na kwashe abin da ya kwasu, na gwada katin da manhajar H2testw, sai ga shi ainihin cikinsa 8GB ne. Wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba.

Ga abin da nake so jama'a su gane. Tun da Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya fito da irin wannan ma'ajiya a 1987, ba a yin rubutu a kan rubutu a cikinta. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin: in tawada ta bushe, ba ka gyara kalma ɗaya sai ka wanke allon. A filash ana rubutu shafi-shafi, kowane shafi daga 4KB zuwa 16KB, amma gogewa sai dai a goge rukunin ɗaruruwan shafuka a tare, kuma kowane wanki na cin jikin allon. Shi ya sa in ka gyara takarda ka adana, ƙaramar kwanturolar da ke ciki, wato na'urar da ke tsara inda ake ajiye komai, ba ta komawa tsohon wurin. Sabon shafi take nema ta rubuta, ta sa wa tsohon alamar ya mutu, sannan ta shigar a littafinta cewa adireshi kaza ya koma wuri kaza. Masana suna kiran wannan tsari FTL. Kwamfutarka lamba kawai ta sani. Inda kayan suke kwance, littafin ne kaɗai ya sani.

To, wannan kwanturolar ce 'yan damfara suka yi wa kutse a katin dattijon nan. Sun sa ta yi ikirarin ɗakunan da ba ta da su. Da 8GB ta cika, sauran hotunan iska suka bi, a wasu katunan kuma sababbi ne ke hawa kan na farko su murƙushe su.

Ko kayan gaske ma littafin nan ne lagonsu. Yana da girma: a lissafin da aka saba, kowane 4KB na buƙatar bayit 4 a littafin, wato SSD mai 1TB na neman wajen 1GB. Masu tsada suna da guntun DRAM nasu (wato RAM, ma'ajiyar wucin gadi) na riƙe shi, masu araha kuwa sai su ari wuri a RAM ɗin kwamfuta ko su riƙa ɗauko shi gutsure-gutsure. Shi kuma RAM da wuta ta ɗauke ya manta komai. An yi dabarar rubuta adireshi a gefen kowane shafi don a sake harhaɗa littafin in an yi hatsari, sai dai ba kullum ake dacewa ba. A 2011 wasu SSD na Intel samfurin 320 sun riƙa farkawa bayan yankewar wuta suna nuna 8MB kacal, sai da kamfanin ya fitar da gyara. Na manyan sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfanoni, ana sa musu kafasito mai riƙe 'yar wuta da zai ba su damar kammala rubutu kafin su mutu. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, da me muka dogara?

Don haka ina roƙon masu shagunan buga takardu da masu tura fina-finai: a sa wa kwamfutar tebur UPS, na'urar batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kuma a daina fizge filash kafin a sallame ta daga kwamfuta. Wanda ya goge abu a SSD kuma ya sani, wani umarni da kwamfuta ke aikawa mai suna TRIM kan gaya wa kwanturola ta cire shi daga littafi, daga nan mai gyara ba shi da dabara, kada a ga kamar mun ƙi ne.

Ina kuma kira ga shugabannin kasuwarmu da hukumar SON mai kula da ingancin kaya su sa ido kan katunan da ake shigowa da su. A ajiye kwamfuta ɗaya a ofishin ƙungiya, duk wanda ya sayi memori ya gwada shi kafin ya bar kasuwa. Ni dai a shagona zan yi wa kowa gwajin kyauta.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Farm Centre, Kano