Kafin ka biya kuɗin sakandare, tambayi albashin malamin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in tofa albarkacin bakina kan abin da ke hana magidanta barci duk lokacin da aka ce hutu ya ƙare: kuɗin makarantun kuɗi na sakandare, da ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ni malamin lissafi ne. A makarantun kuɗi na fara koyarwa a nan cikin Kano, daga baya Allah ya ba ni aikin gwamnati, yanzu ina wata sakandaren maza ta je-ka-ka-dawo. Na shaƙi ƙurar alli a ɓangarorin biyu, don haka ba hirar majalisa zan kawo maka ba.

In an ce makarantar kuɗi, ba abu ɗaya ake nufi ba. Akwai na manya, inda ake zuba miliyoyi a shekara, masu janareta da motocin ɗaukar yara da ɗakin gwaje-gwaje na gaske. Mai kai ɗansa can ba ya neman shawarata. Da sauran nake, waɗanda suka cika unguwanninmu: gidan haya aka fasa bangon falo aka mai da shi aji, aka shafa wa ƙofa fenti, aka kafa allo da dogon suna har da intanashinal a ƙarshe. A nan ne ƙaramin ma'aikaci da ɗan tebur a Kantin Kwari da mai a-daidaita-sahu suke juye guminsu.

Bari in fara da namu laifin. Ajin da nake shiga a makarantar gwamnati ya haura yara ɗari. Na gaba suna kan benci, na tsakiya a ƙasa, na baya sun jingina da taga. In na ba da aikin gida ba ni da halin bin littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, ga wasu azuzuwan suna jirana, sai dai in yi gyara a allo kowa ya duba nasa. Yaro zai iya ɗauke ƙafa mako biyu ban ankara ba. Gwamnan Kano da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma ai ba a yi wa mai lafiya haka. An gyara wasu azuzuwa, an ɗauki malamai, amma cunkoson yana nan.

To abin da uba yake saya a makarantar kuɗi shi ne sa ido. Yara 25 ko 30 a aji, malami ya san sunan kowa. In yaro bai zo ba a buga waya gida. Malami ba ya fashi, domin mai makaranta na zaune a bakin ƙofa da rajista, wanda ya makara a zaftare masa albashi. Ban raina wannan ba ko kaɗan, musamman ga ɗan ƙaramar sakandare, shekarun da abokai ke janye yaro. In kuɗinka ya saya maka wannan, ka sayi wani abu.

Sai dai iyaye da yawa sun ɗauka har da ƙwararren malami suka saya, kuma a nan ne lissafin yake karkacewa. A 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Kano ta ce nata 71,000. Je ka tambayi malaman ƙananan makarantun kuɗi nawa ake ba su. Da yawa ko rabin haka ba sa gani, wasu kuma in an yi hutu babu ko sisi. Mai karɓar irin wannan albashi ba zama ya zo yi ba, fakewa ya yi kafin wani aikin ya faɗo, kuma ranar da ya faɗo ko sallama ba lallai ya tsaya yi ba. A wata makaranta da na koyar, 'yan aji biyu na babbar sakandare sun ga malaman fiziks uku a shekara guda. Duk wanda ya zo sai ya faro daga babin farko, don shi ya fi sauƙi, kuma wanda ya tafi bai bar masa ko takardar inda aka tsaya ba. Yaran nan sun haddace awon tsawo da nauyi kamar karatun allo, amma har suka shiga ajin ƙarshe babu wanda ya taɓa musu darasin lantarki. Ɗakin gwaje-gwajen kuwa kabad ce guda a ofishin firinsifal, kullum a kulle. Ana buɗe ta ran da sababbin iyaye suka zo zagayawa, da ran da jami'an duba makarantu suka zo. Sauran kayan sai jarrabawa ta matso a je a aro.

Ga kuma maganar katin sakamako. A makarantar kuɗi uba kwastoma ne, kuma ba a ɓata wa kwastoma rai. An taɓa dawo mini da takardar maki aka ce in sake dubawa, wai waɗanda suka faɗi lissafi sun yi yawa, in iyaye suka ga jan biro za su kwashe 'ya'yansu su kai makarantar bayan layi. Babu wanda ya fito ya ce in yi ƙarya. An dai nuna mini cewa tsakanin 38 da 50 babu wata tazara. Maimaita aji kuwa ko zancensa ba a yi. Uba na ganin ɗansa ya zo na biyar, yana raba goron murna, bai san yaron ba ya iya raba 84 gida 7 sai da kalkuleta ba. Daga nan ake gangarawa zuwa abin da ake kira mirakul santa, a ɗora “kuɗin taimako” a kan kuɗin rajistar WAEC ko NECO, ranar jarrabawa a rubuta amsa a allo. Ba duka ke yi ba, na san masu makarantun da suka gwammace su rasa ɗalibai da su taɓa wannan ƙazanta, kuma mu ma a gwamnati ba mu tsira daga satar amsa ba. Amma inda cinikin mutum ya rataya a kan yawan kiredit ɗin da zai liƙa a bango, jarabar ta fi ƙarfi.

A gaban kwamfutar JAMB asiri yake tonuwa. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ni da idona na ga yaro da kiredit tara, har da A a lissafi, ya kasa kawo 150. Mahaifinsa ya zo yana tambayata ko injin ne ya cuce shi.

Yanzu mu ɗan yi sana'ata. Sakandare shekara 6 ce, zango 18. A ce makaranta na karɓar naira 80,000 a zango, wadda a yau ba a sa ta cikin masu tsada. Miliyan ɗaya da dubu 440 ke nan a kan yaro guda, in har ba a ƙara ko kwabo ba, kuma kowa ya san za a ƙara. Ba mu sa yunifom da kayan wasanni ba, da littattafan da dole a makarantar za ka saya, da kuɗin lasin na yamma, da na PTA, da na walimar yaye ɗalibai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin kai yaro da ɗauko shi ma ya zama wani kuɗin makarantar mai zaman kansa. Sai ka ninka da yawan yaran gidan. Mu kuwa ba biyu muke haifa ba.

Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Mako na uku da komawa a fara korar kuɗin makaranta, ka ga yara da fararen safa suna gararamba a layi da hantsi. Yaron da ake kora kowane zango ya rasa darasin da aka biya domin shi, ga kunya a gaban 'yan ajinsu. Wani uban ya ja har aji biyar ƙarfinsa ya ƙare, ya cire yaron ana dab da jarrabawa. A wani gidan a kai babban ɗa namiji makarantar kuɗi, ƙannensa mata a ce su yi haƙuri. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne uban da ya sayar da fili ya kammala wa ɗansa sakandare, yaron ya samu gurbi a jami'a, sai ga shi babu kuɗin rajista. A 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da Bayero, sun ƙara kuɗin rajista sosai. Akwai lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024, amma sunansa bashi.

Abin da nake gaya wa 'yan'uwana in sun zo neman shawara shi ne, in ƙarfinka kaɗan ne, zuba shi a ƙasa. Firamare da ƙaramar sakandare, nan ne ake koyon karatu da rubutu da jadawalin sau. Yaron da ya fito aji uku yana karanta shafi ya gane, yana iya lissafin kaso, zai rayu ko a ajin mutum ɗari, musamman in ka haɗa masa da malamin lasin na kirki sau uku a mako, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na makarantar kuɗi ba. Wanda bai samu wannan tushe ba kuwa, ko ina ka kai shi a aji huɗu faci ake yi.

Kuma mutane suna mantawa cewa makarantun gwamnati ma hawa-hawa ne. Tun 1977 Kano ta buɗe kwalejojin kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya aka yi na mata. Ka shiga asibitocinmu ka tambayi likitoci inda suka yi sakandare, za ka sha jin sunayen nan. Da jarrabawa ake shiga bayan aji uku. Akwai kwalejojin tarayya, su ma da jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa. Ko da aka ɗaga kuɗin sabon ɗalibi daga 45,000 zuwa 100,000 a 2023 aka yi ta kuka, har yanzu ba a haɗa su da makarantar kwana ta kuɗi. Sannan ɗalibin makarantar jiha da ya ci jarrabawar tantancewa ta ƙwalifayin, gwamnati ke biya masa NECO. Na san abin da ke sa iyaye ja da baya ga makarantun kwana. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, ba zan ga laifin uwar da ta ce ɗanta ba zai kwana a bayan gari ba. Sai dai a tuna, makarantar Bethel Baptist da aka kwashe wa ɗalibai a Kaduna a Yulin 2021 ba ta gwamnati ba ce. A duba inda makaranta take da irin tsaronta, a bar zancen wa ya mallake ta.

Wani abin kuma, a yi mini afuwa, ba ilimi ake nema ba, gasa ce. Ɗan wane yana makarantar wane, don haka namu ma sai can. Yaro ya dawo yana gaida baƙi da Turanci, gida ya ɗauki murna. Turancin gaisuwa ko a talabijin ana tsintar sa. Miƙa masa jarida ya karanta maka sakin layi ɗaya, ya gaya maka da Hausa abin da aka ce.

Wanda kuma ya ga yana da hali, ya yanke shawarar makarantar kuɗi, ban hana shi ba, akwai nagari. Amma kada ya tsaya a ofishin mai makaranta inda ake kunna masa fanka. Ya je ba tare da sanarwa ba, ranar Laraba da tsakar rana. Ya karɓi littafin lissafin wani ɗan aji biyar ya ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. Ya ce a nuna masa malamin kimiyya, ya tambaye shi shekararsa nawa a nan da abin da ya karanta. Ya tambayi yara nawa aka sa suka maimaita aji bara. In aka ce masa ko ɗaya babu, cikin alfahari, to ya sake tunani. Ya nemi makin JAMB na waɗanda suka fita, kada a ruɗe shi da kiredit.

Roƙona ga hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu a jihar nan guda ne. A wajabta wa kowace makaranta ta liƙa takarda a bakin ƙofa, ɗauke da jimillar abin da uba zai biya a shekara har da su yunifom da walima, da sunayen malamanta, da shaidar karatun kowanne, da shekarar da ya fara aiki a wurin. Jami'an da ke zuwa duba gini da banɗaki kuma su riƙa neman takardar biyan albashi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Kano.