A Binciki Kwangila Tun Kafin Ranar Buɗe Ambulan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin wakilanku kan yadda ake ba da labarin kwangilolin gwamnati. Galibi ranar buɗe takardun tayi ake kai kyamara, a nuna akwati da ambulan a rufe, a ce an bi ƙa'ida. Alhali a yawancin kwangilolin da aka yi wa maguɗi, kafin wannan rana an riga an gama rabo. Kuɗin kuwa ba ƙarami ba ne: a ƙasashen OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, sayayyar gwamnati tana lashe kusan kashi 12 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara.

Ɓarnar farko a takardar bayanin kaya ake yinta. Hukuma na son janareta, sai a rubuta tsawo da nauyi da lambar injin da kamfani ɗaya tak ke sayarwa. Ko a ce sai wanda ya yi irin aikin sau biyar cikin shekara biyu. Kowa na iya shiga takara, amma an ɗinka rigar daidai jikin mutum ɗaya. Sai kuma daddatsa aiki. A ce doka ta wajabta tallata duk aikin da ya kai miliyan 100. Aikin miliyan 270 sai a yanka shi uku, kowane miliyan 90, a ba kamfanoni uku ba tare da talla ba. In aka duba rajistarsu, sau da yawa adireshi ɗaya ne, daraktoci ma 'yan gida ɗaya. Wannan binciken bai fi aikin yini guda ba, amma da wuya a ga an yi shi.

Bayan sa hannu kuma, ɗan kwangila da ya karya farashi don ya ci, wata uku sai ya dawo da takardar neman ƙari: wai siminti ya tashi, wai an tarar da dutse a ƙasa. Wani lokacin gaskiya ne, shi ya sa dokoki ba su hana ƙarin ba, iyaka suka sa masa. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ce ƙarin aiki irin wannan kada ya wuce kashi 50 na kuɗin asali. Inda ba iyaka, mai tayi mafi arha shi ke ƙarewa mafi tsada. Haka kuɗin kafin alƙalami: in an biya ba tare da takardar lamunin banki ba, ɗan kwangila ya zube yashi tifa biyu ya ɓace, ba inda za a kama.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar shaidar kammala aiki. Yarjejeniya ta ce kaurin kwalta santimita 5, aka zuba 3. Ido ba ya gani, sai an huda titin an ciro samfuri an auna. Injiniyan da ya sa hannu daga ofis ya san haka, damina biyu kuma titin ya fashe. Shi ko odita yakan zo bayan shekara, takardu kawai zai gani, kuma takardun a cike suke.

Sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da rashawa ta 2003 ya nemi a bayyana bayanan kwangila ga jama'a. Ukraine ta wajabta amfani da ProZorro, shafin intanet na kwangilolin gwamnati, a 2016, inda kowa ke iya ganin wanda ya yi tayi da nawa ya nema. To wakilanku su riƙa neman rahoton kwamitin tantance tayi, da takardun ƙarin kuɗi, da sunan injiniyan da ya shaida an gama aikin.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum