Yadda ake biyan makiyaya diyya a Texas

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi wa masu karatu bayanin yadda gwamnatin Amurka ke biyan masu shanu idan bala'i ya auka wa garkensu, kamar yadda na gani a arewacin jihar Texas inda nake zaune.

A ƙarshen Fabrairun 2024 gobarar daji ta tashi kusa da garin Stinnett, iska ta kora ta gabas har gundumar Hemphill. Ta cinye fili sama da eka miliyan 1, ba a taɓa yin irinta a tarihin jihar ba. Dubban shanu suka hallaka. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda suka fita da ransu amma kofato da hantsa sun ƙone, ba sa iya tsayuwa, maraƙi kuma ba nonon sha. Dole masu su suka harbe su da hannunsu. A gidan kiwo na tashi, na san zafin wannan.

Wanda ya yi asara yakan je ofishin ma'aikatar noma ta tarayya mai kula da gundumarsa ya shigar da rahoto. Doka ta riga ta yanke abin da za a ba shi: kashi 75 cikin 100 na farashin dabbar a kasuwa, bayan an cire adadin da kan mutu a garke ko da ba bala'i. Amma sai da shaida, irin su takardar likitan dabbobi, rasit ɗin saye, hotunan mushen da lissafin garke tun kafin gobara. Akwai wani tallafin daban na gyaran shinge, da na dakon ciyawa da ruwa. Kwamitin da ke sa ido a kan ofishin kuwa manoma da makiyayan yankin ne ke zaɓensa, mutanen da suka san garken kowa.

Tsarin yana da nasa rauni. Ƙaramin makiyayi da bai saba ajiye takardu ba yakan sha wahala, kuma babu kuɗin da zai dawo da irin shanun da mutum ya gada daga kakansa. Duk da haka ba ka buƙatar sanin wani babba kafin haƙƙinka ya fito.

Tunda a 2024 Najeriya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, ina kira gare ta da ta fara buɗe rajistar dabbobi a kowace ƙaramar hukuma, tare da arɗo-arɗo da likitocin dabbobi, ta kuma bayyana nawa za a biya kan saniya da tunkiya tun kafin ambaliya ko annoba ta zo.

Naka,
Wani mai karatu daga Amarillo, Texas