Canza lagireton da ya tsage ba sai an je gareji ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Zafin bazara ya kama, lagireto sai tsagewa suke yi, musamman na Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 masu kan roba. Liƙa robar da gam ɓata kuɗi ne, da ruwa ya yi zafi za ta sake buɗewa. Canzawa ya fi, kuma ana iya yi a gida.

A bari inji ya huce sarai, domin buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona fuskoki da yawa. A cire kan batir, a kwance ƙaramin famfon da ke ƙasan lagireton, ruwan ya zube cikin roba. A kawar da shi daga dabbobi da yara, yana da zaƙi amma guba ne. Sai a zare tiyon sama da na ƙasa, da wayar fanka, a kwance notuna da sifana lamba 10. Idan motar otomatik ce, akwai ƙananan tiyo biyu na man giya a ƙasa. A toshe su, bayan aiki kuma a duba man.

Idan an ciro tsohon lagireton, robobin da yake zaune a kansu a mayar wa sabon, in ba haka ba jijjiga za ta fasa shi. Sai a sa sabon, a mayar da duk abin da aka kwance.

Wurin zuba ruwa ake kuskure. Ruwan rijiya yana kawo tsatsa. A sa ruwan sanyaya inji, kimanin lita 6. A tayar da mota murfi a buɗe, a kunna hita, har kumfa ya daina fitowa, sannan a rufe. Iskar da ta maƙale ciki ita ke sa inji ya tafasa har gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Washegari da safe a sake duba ruwan, in ya ragu a cike.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano