Giram ɗari tara

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san ka yi fushi, wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba. A yi haƙuri. Akwai ma abin da nake so in tambaye ka, amma bari in fara amayar da abin da ya tsaya mini a wuya tun ranar Asabar.

Ka ji an ƙara mini girma a wurin aiki. To, sai kai ya kumbura, na ce zan fitar da kowa cin abinci: Hajiya, uwargida, yara uku, Yaya da matarsa. Mu takwas cif. Gidan abincin teku na zaɓa, irin mai fitila dishi-dishi, da ƙaton akwatin gilashi a bakin ƙofa, lobsta, wata halittar teku mai ɓawo kamar ƙaton jatan lande, na ta rarrafe a cikin ruwa an ɗaure musu hannuwa da roba. Auta ya liƙe a jikin gilashin, da kyar aka ɓamɓare shi.

Na duba takardar abinci, na ga kuɗin lobsta, na ce a raina ashe ma abin da sauƙi. Ashe kuɗin giram 100 ne, an rubuta a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Kar ka kuskura ka yi mini maganar tabarau. Yaron da ke kawo abinci ya kamo guda, ya ɗora a sikeli, ya ce giram 900. Na gyaɗa kai kamar wanda ya saba, har na ce ya ƙaro ɗaya don Yaya. Ninki tara, sau biyu! Kuma da ɓawonsa ake auna shi, naman da ke ciki da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Wato ɓawo na saya, mutumina.

Sai da muka yi kusan awa guda muna zaman jira. Da aka kawo jatan lande, duk sun nannaɗe kamar zobe, uwargida ta raɗa mini cewa alamar sun wuce wuta ke nan. Kalamari kuwa, naman wata halittar teku mai hannuwa da yawa, ya zama robar silifa. Ta ce shi ko dai minti biyu a wuta mai ƙarfi, ko a bar shi ya daɗe yana dahuwa a hankali, su kuma sun tsaya a tsakiya. Kifin an lafta masa bota da lemon tsami, amma ƙarnin ya ƙi ɓoyuwa. Yaya ya kama abin fasa ɓawo ya matsa da ƙarfinsa, romo ya yi tsalle ya sauka a gaban farar rigarsa. Matarsa ta yi dariya har da hawaye. Ita kaɗai ce ta ci ribar fitar.

Af, mutuminka mai bashin nan zai ƙara aure bayan wata biyu. Ya ce in gaishe ka. Maganar kuɗinka dai ko tari bai yi ba. Kai ma da laifinka, tun tuni na faɗa maka halinsa.

Abin da ya fi damuna Hajiya ce. Loma biyu ta yi ta ajiye cokali, ta ce alhamdu lillahi ta ƙoshi, sai burodi ta yi ta gutsura tana ba yara. Da aka kawo takardar kuɗi, ga kashi 10 cikin 100 na hidima a kai, na yi maza na kife ta. Na zaci ba ta gani ba. Muna sauke ta a gida ta riƙo hannuna, ta cusa mini kuɗi a nannaɗe, ta ce, "Ungo, ka rage zafi, Allah ya yi albarka." Na ce haba Hajiya, ta ce in rufe mata baki. Har yanzu suna cikin aljihun rigar, na kasa kashewa, na kasa mayarwa. In kai ne, ya za ka yi?

Tambayar da na ce zan yi maka ta shige mini, in na tuna zan sake rubutowa. Ka gaida madam, kuma kar labarin nan ya kai kunnenta.

Naka har kullum.