Littafin Cefane Ya Tona Mini Asirin Aljihuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana magidanta, musamman masu jiran ƙarshen wata irina.

Ni malamin firamare ne a Kano, matata ɗaya, 'ya'ya biyar. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, albashina ya daina kai ni tsakiyar wata. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024 na ɗauka sauƙi ya zo, ashe kafin ƙarin ya shigo hannu kasuwa ta riga ta cinye shi.

Uwargida ce ta ɗauko ragowar littafin rubutun 'yarmu, ta ce, "Malam, wata ɗaya kawai, duk nairar da ta fita mu rubuta." Na yi ta noƙewa, don mahaifina har ya koma ga Allah matansa ba su san abin da yake samu ba. Amma bashin mai shago ya kai mini iya wuya, sai na yarda.

Ni da kullum nake ɗora laifi a kan shinkafa da man gyaɗa, sai ga littafi ya nuna ni da yatsa. Katin waya, shayi da ƙwai a bakin titi, naira ɗari biyu nan, ɗari biyar can. Babban ramin kuwa zumunci ne. A wannan watan kaɗai an yi biki uku, suna biyu, ga ta'aziyya a Wudil, ga anko. Ko ɗaya ban taɓa sa shi a lissafi ba, alhali babu watan da ba ya zuwa. Sannan awon kullum, gwangwani-gwangwani kuma bashi, ya fi sari tsada nesa ba kusa ba.

Yanzu ranar da albashi ya shigo, bayan sallar isha'i muke zama mu kasa shi: abinci, gawayi, 'yan garuwa, kuɗin makaranta da na Islamiyya. Na roƙi uwar adashenmu ta mayar da kwasata lokacin kaka, in tafi Dawanau in sayo buhun masara da na gero. Zumunci ma an yanka masa rabonsa. In ya ƙare, ina zuwa da ƙafata in yi addu'a in dawo. Wata gwaggona har yau tana amsa gaisuwata a daƙile, Allah ya huci zuciyarta.

Ba na cewa mun tsira. A watan Agusta zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara biyu, ya lashe abin da muke tarawa na ragon layya. Amma dai wannan karon ban je ƙofar kowa ba.

Roƙona gare ka, Edita, ku riƙa buga farashin hatsi na Dawanau da na kayan masarufi na kasuwar Singa kowane mako, ko da a ɗan lungun shafi ne, mu san abin da za mu tarar kafin mu biya kuɗin mota.

Naka,
Wani malamin firamare,
Gwale, Kano.