A yi wa dam ɗin ABU gadar ƙafa da wurin shan iska

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in isar da wata shawara ga hukumar Jami'ar Ahmadu Bello Zariya.

Lokacin da muke karatu a Samaru, in kai ya ɗau zafi da jarrabawa bakin dam muke sauka da la'asar, dam ɗin nan da aka tare rafin Kubanni wanda jami'a ke shan ruwansa. Kan dutse ko gindin bishiya muke zama, iska na kaɗawa, balbelu na dawowa kwana jere-jere a saman ruwa, wallahi har yau ban samu inda hankalina ke kwanciya kamar wurin ba. Shi ya sa nake ganin ya cancanci gadar ƙafa da ɗan filin hutawa.

Amma roƙona kar a kwaso zane daga intanet a manna mana. Jami'ar nan tun 1962 take, tana da sashen zanen gine-gine, ga injiniyoyin gini ga na ruwa, to me zai hana a sa gasa tsakanin ɗalibai, a ce kowace tawaga sai ta je ta zauna a bakin ruwan a watan Agusta ta ga iya inda yake kaiwa in ya cika, ta sake komawa a watan Afrilu ta ji yadda rana ke gasa mutum, sannan ta ɗau biro. Wanda ya sha wannan ranar ba zai dasa bencin ƙarfe a fili fetal ba, inuwa zai fara nema, maɗaci da tsamiya da mangwaro, bencin ma a gindinsu.

Gadar kuma a yi ta da faɗi yadda mai keken guragu da mai tafiya a ƙasa za su wuce juna ba gogayya, kuma ba matakala. Dogarin gefe ya kai ƙirji, a matse tsakanin sandunan saboda 'ya'yan ma'aikata, kun san yaro da leƙe. A sa fitilun sola, a hana 'yan acaɓa hawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan sha ne fa. Duk inda jama'a suka taru sai ka ga ledar fiya wata da robar lemo, don haka masu tsire da masu shayi a ware musu gefe can nesa da gaɓa, banɗaki da wurin alwala ma haka. Bakin ruwan a bar shi da ciyawarsa, ita ke riƙe ƙasa kar ruwan sama ya kwashe ta ya zuba a dam ya cike shi da laka.

In an buɗe asusu mu tsofaffin ɗalibai za mu sa hannu, ni dai na ɗau nauyin dashe 20 na maɗaci da ban-ruwansu na rani guda.

Wani tsohon ɗalibi, daga Kaduna